Daga Gafaka zuwa Salula: Wa Ke Riƙe da Hotunan Ƙasar Magarya da Dungas?

Gabatarwa

Ranar 3 ga watan Satumba na shekarar 2024, bayan ruwa mai yawa da aka yi ta shatatawa a daminar, tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Waɗanda ke wurin sun ɗauki bidiyon faɗuwarsa, kuma ba a jima ba ya bi salula bayan salula har ya kai ƙauyukan kudu, ya tsallaka iyaka. Dubban mutane sun ga yadda ginin ya faɗi. Sai dai wanda ya tashi neman hotunan masallacin tun yana tsaye, bangonsa da rufinsa da ƙofofinsa, dole ya tambayi kansa a hannun wa suke. Shi kansa bidiyon rushewar, wa zai iya fito da shi nan da shekara ashirin, da tabbacin ranar da aka ɗauke shi da sunan wanda ya ɗauka?

Wannan maƙala ta ɗora tambayar a kan ƙasar Magarya da Dungas. Za ta waiwayi yadda aka ajiye labari da siffar wannan ƙasa tun kafin zuwan na'urar hoto har zuwa zamanin salula, domin nuna abu guda: duk hoton da ya tsira, ya tsira ne saboda wani ya yi masa ma'aji mai tsari, kuma sau da yawa ma'ajin ba namu ba ne. Daga nan za ta duba abin da malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu za su iya yi da kwamfutar ajiya tasu ta kansu.

Ƙasar da tarihinta kafin hoto

Gundumomin Magarya da Dungas suna kudancin jahar Damagaram, kan iyaka da Najeriya. Gunduma ɗaya ce har shekarar 2011, lokacin da aka cire Dungas tare da Dogo-Dogo da Guci da Malawa aka yi musu tasu. Ƙidayar 2012 ta ba Magarya mutum fiye da 570,000, Dungas kuma fiye da 350,000. Ƙasa ce mai yawan jama'a da tsofaffin sarautu. Dungas da Waca suna cikin ƙasashen Sosebaki, waɗanda suka shiga ƙarƙashin Damagaram a ƙarni na 19. Magarya kuwa tarihinta a ɗaure yake da na Daura: bayan da masu jihadi suka ci Daura wajen 1805, Sarkin Gwari Abdu ya fita da mutanensa, zuriyar gidan ta zauna a wurare irin su Yekuwa, daga baya sarautar ta rarrabu tsakanin Zango da Baure da Magarya. M. G. Smith ya bi diddigin wannan rabuwa a littafinsa kan Daura na 1978.

A wancan zamani hanyoyin ajiye tarihi biyu ne. Ta farko ita ce baki: makaɗan fada da maroƙa da dattawan gari suna riƙe da jerin sarakuna da kirarinsu da sunayen shekarun yunwa da na yaƙi. Ta biyu ita ce takarda: malamai suna rubuta wasiƙu da waƙoƙi da hukunce-hukunce da Larabci da ajami, su sa a gafaka su rataye nesa da gara da laima. Abin lura shi ne dukkan hanyoyin biyu sun dogara da kwafi. Makaɗi yana koya wa ɗansa, almajiri yana kwafar littafin malaminsa kafin a sallame shi, ya tafi da kwafin garinsu. Idan gobara ta cinye gafakar malami a Waca, ana sa ran samun irin littafin a hannun almajirinsa a wani gari. Magabata sun san takarda ɗaya ba ta daɗewa, shi ya sa ba su bar ilimi a wuri ɗaya ba. Galibi mai kwafi yakan rubuta sunansa a ƙarshen littafi, wani lokaci har da rana da sunan mai littafin. Wannan ɗabi'a za mu komo kanta.

Hoton da baƙo ya ɗauka

Na'urar hoto ta shigo ƙasar Damagaram ne tare da bindigar Nasara. Faransawa sun ci Zinder a 1899, kuma cikin hafsoshin da suka zauna a garin a farkon shekarun 1900 akwai Henri Gaden, wanda ya ɗauki hotunan mutane da wurare a duk inda aiki ya kai shi a Afirka ta Yamma. Hotunansa suna gidan ajiyar takardun tarihi na birnin Bordo a Faransa. Tsakanin 1906 da 1908 tawagar Kyaftin Tilho ta Faransa da ta Manjo O'Shee ta Ingila suka bi iyaka daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi suna kafa alamu, iyakar da ta raba Magarya da Zango da Baure, ta raba dangi da dangi. Tafintan tawagar Faransa, Moïse Landeroin, ya zauna da dattawa ya rubuta abin da suka faɗa masa na tarihin garuruwansu. An buga sakamakon aikin tawagar a Paris cikin kundi uku daga 1910 zuwa 1914, kuma har yanzu mai binciken tarihin Sosebaki ba ya rasa komawa ga abin da Landeroin ya rubuta.

A nan akwai abin tunani. Maganar ta kakanninmu ce, fuskokin nasu ne, amma takardar da hoton sun tafi da baƙon. Rahotannin kwamandojin mulkin mallaka sun rarrabu tsakanin Yamai da Dakar, inda takardun gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa suka zauna, da Aix-en-Provence, inda Faransa ta buɗe gidan ajiyar takardun ƙasashen ƙetare a 1966. André Salifou, ɗan Damagaram, da ya tashi rubuta tarihin masarautar a ƙarni na 19, wanda aka buga a 1971, sai da ya haɗa bakin dattawa da rubuce-rubucen Turawa. Adalci ne a faɗi cewa waɗannan gidaje sun adana abin da suka ɗauka, sun ba kowane abu lamba da suna, shi ya sa ya kai yau. Amma malamin tarihi a kwalejin Dungas ba ya iya miƙa hannu ya ɗauko shi ya nuna wa ɗalibansa. Zanen aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 an yi yunƙurin gyara. Boubou Hama ya tara rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda suka zama tushen sashen da ke cibiyar binciken IRSH a Yamai. A 1968 aka kafa a Yamai cibiyar tattara adabin baka da tarihin baka wadda daga baya aka sani da CELHTO. Ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, da aka kafa a 1962, ta aika masu ɗaukar murya ƙauyuka. Aiki ne mai albarka, sai dai ma'ajin ya tashi ne daga Paris ya dawo babban birni, wanda ke nesa da Magarya da tafiyar kusan kilomita 1,000.

Abin da tsohon hoto ya yi wa manoman gawo

Wanda ke ganin ajiye hoto aikin marasa abin yi ne, ya dubi labarin gawo. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, abin da duniya ta sani game da Nijar shi ne hamada na cinye gonaki. A tsakanin nan manoman Magarya da Matamai da Miriya sun daina sare ƴan itatuwan da ke tohowa a gonakinsu, suna sassabe su suna rainonsu, musamman gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya ba ƙasa taki, ya ba dabbobi abinci da rani. Sun yi haka shekara da shekaru ba tare da manyan hukumomi sun lura ba.

Abin da ya tabbatar da aikinsu a idon duniya tsofaffin hotuna ne. Jiragen sama sun ɗauki hoton ƙasar daga sama a shekarun 1950 da kuma 1975 domin zana taswira, an adana hotunan da ranakunsu da lambobinsu. Da masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka jera su kusa da hotunan tauraron ɗan adam na shekarun 2000, sai aka ga gonakin da suke fayau a 1975 sun cika da itatuwa. Rahoton 2006 kan jahar Damagaram ya kimanta fadin wurin a waɗannan gundumomi uku da kusan hekta miliyan 1, a faɗin kudancin ƙasar kuwa an yi maganar hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Wanda ya ɗauki hoton 1975 bai san amfanin da za a yi da shi ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya ajiye ta. Kuma da hotunan ba su da kwanan wata da sunan wuri, da ba su shaidi komai ba.

Zamanin mai hoto da kaset

Hoton da mutanen ƙasa suka ɗauki kansu ya yaɗu ne da zamanin gyaɗa da katin shaida. Kuɗin gyaɗa, wadda kamfanin SONARA ya riƙe cinikinta daga 1962, ya kawo keke da rediyo da sha'awar tsayawa gaban mai hoto ranar salla. Makaranta da aikin hajji da takardun gwamnati kuma suka wajabta ɗan ƙaramin hoton fuska. Mai hoto yakan kafa labulensa a kasuwa ko ya buɗe shago, ya zagaya bukukuwan aure da suna da naɗin sarauta. Hoton yakan ƙare a bango cikin gilashi, ko a albam, ko a ƙasan akwatin uwar gida tare da zannuwan ajiya.

Wannan ne karo na farko da hoto ya zauna a gida. Amma kwafi ɗaya ne, ga gara, ga ɗigar ɗaki, ga zafin bazara da ke cinye launi. Asalin hoton, wato fim ɗin da ake wanko shi daga ciki, yakan zauna wurin mai hoto, idan ya mutu ko ya sake sana'a a share shi da shara. Inda aka yi akasin haka an ga amfaninsa. Malick Sidibé na Bamako ya jera fina-finansa cikin kwalaye da kwanan wata, shi ya sa bayan shekaru aka iya sake wanke hotunan matasan Mali na shekarun 1960, har aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venis a 2007.

Haka abin ya faru da murya da bidiyo. Kaset ya ɗauki wa'azin malamai da waƙoƙin makaɗa irin su Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram, ya ɗauki saƙon ƴan ci-rani zuwa gida. Daga 1990, da fim ɗin Turmin Danya ya buɗe kasuwar fina-finan Hausa a Kano, kaset ɗin bidiyo ya shigo ta Tinkim da kasuwar Maigatari, masu hali suka fara kiran mai kyamara bikin ƴaƴansu. Yau kaset ɗin na nan a wasu gidaje, zarensa ya manne, na'urar kunna shi kuma ta zama abin nema. Darasin wannan zamani shi ne ma'aji kansa yana tsufa, kuma abin da ba a ƙaurar da shi zuwa sabon ma'aji ba, ya mutu tare da tsohon.

Salula: kowa ya zama mai hoto

Salula ta shigo Nijar a 2001, cikin ƴan shekaru ta kai kasuwannin karkara. Da wayoyi masu kyamara da ɗan katin ajiya da ake kira memori suka yi araha, sai abin da bai taɓa faruwa ba ya faru: manomi a Bande da ɗaliba a Sasumburum da mai kiwo a Malawa suka zama masu ɗaukar hoton rayuwarsu. Hawan salla da kokowa da saukar karatu da ambaliya da ginin sabon aji, duk suna shiga waya. Ana iya cewa abin da ake ɗauka a gundumomin nan biyu cikin mako guda ya fi duk abin da aka ɗauka a cikinsu a zamanin mulkin mallaka.

Amma yawan ɗauka ba shi ne ajiya ba. Waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta a kasuwa, ana sayar da ita da bazara a sayi hatsi. Memori ta cika, a goge tsoho a sa sabo. Akwai memorin jabu da ke nuna girman da ba ta da shi, ta riƙa cinye abin da aka zuba mata. Ko ta gaske ce, idan ta daɗe a ajiye cikin zafi ba a amfani da ita, abin da ke cikinta yana iya lalacewa. Mun sha ganin wanda ya kai waya gyara aka wanke ta, ya komo gida babu hoton mahaifiyarsa da ta rasu ko guda. Mutane da yawa suna ganin tura hoto ta WhatsApp ajiya ce, alhali manhajar tana matse hoton ta rage masa kyau, ta kuma cire bayanan da wayar ta rubuta a cikinsa na rana da wurin ɗauka, sai fa idan an tura shi a matsayin takarda. Hoto ya yi ta yawo har a rasa na wane gari ne, na wace shekara ce.

A nan ma an ga baƙo ya riga mu. Waƙoƙin da matasan Sahara ke tura wa juna daga waya zuwa waya, wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ne ya tattara su ya fitar da faifai a 2011, wanda ya taimaka wajen fito da Mdou Moctar ɗan Nijar a idon duniya.

Ajiya a rumbun wani

Maganin da manyan kamfanoni suka kawo shi ne abin da ake kira gajimare. Sunan yana ruɗarwa. Babu wani abu a sama: manyan ɗakuna ne cike da kwamfutoci, mafi yawansu a Amurka da Turai da Asiya, waya tana aika musu kwafin hoto ta intanet. Tsarin yana da amfani na gaske, domin wanda wayarsa ta ɓace yana iya samun hotunansa a sabuwa, kuma kamfanonin sun fi kowannenmu iya kula da na'ura.

Sai dai mai rumbu shi ke sa doka. Google ya buɗe ma'ajin hotunansa a 2015 da alkawarin ajiya kyauta ba iyaka, ya janye alkawarin daga 1 ga Yuni 2021, aka koma giga 15 na kyauta, abin da ya wuce haka sai da kuɗi, kuɗin kuma ana biyansa da katin banki da akasarin mutanenmu ba su da shi. Daga Disamba 2023 kamfanin ya ba kansa damar goge asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba. A 2019 dandalin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015, waɗanda aka kimanta da miliyan 50. Ga kuma matsalarmu ta gida: sau da yawa mai sayar da waya ne ke buɗe wa mutum asusu, mai wayar bai san kalmar sirrinsa ba, layin da aka yi rajista da shi ya mutu an sayar wa wani. Aika bidiyo mai nauyi ta intanet ɗin ƙauye kuwa yana cin kuɗi da haƙuri. Idan mutum ya rasu, hotunansa sukan kulle tare da shi.

Mai karanta tarihi zai gane siffar. Hotunan Gaden suna Bordo, hotunan jikokin waɗanda ya ɗauka suna wani ɗaki da ba su san ƙasar da yake ba. Bambancin kawai shi ne wannan karo mu muka miƙa da hannunmu.

Rumbun gida

Akwai hanya ta uku, wadda ba sabuwa ba ce a duniya: mutum ko ƙungiya su ajiye kwamfuta tasu wadda aikinta shi ne karɓar kwafi daga wayoyi. Masu fassara kalmomin kwamfuta suna ce mata uwar garke. A nan za mu ce mata rumbu, domin aikinsu ɗaya. Tsohuwar kwamfutar ofis tana iya yi, haka ma ƙaramar nan mai girman tafin hannu, Raspberry Pi, da ta fito a 2012, wadda ita da faifan ajiyarta ba sa cin wutar da ta wuce wajen wat 10. Ana sa mata manhaja ta kyauta wadda kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta, irin su Nextcloud da aka fara a Jamus a 2016, ko Immich da aka fara a 2022 domin hotuna da bidiyon waya, ko Syncthing. Idan mai waya ya shigo harabar da rumbun yake, wayarsa ta kama wifi na wurin, sai ta zuba sababbin hotuna da cikakken kyansu da kwanan watansu, ba tare da an taɓa intanet ko an kashe kuɗin kati ba. Faifai mai tera 1 yana ɗaukar hoto kusan 250,000 masu nauyin mega 4, bidiyo kuwa ya fi cin wuri nesa ba kusa ba.

Kada a ɓoye wahalarsa. Ta farko wuta ce. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi a lokacin, ba a maido ba sai bayan ɗage takunkumi a Fabrairu 2024. Rumbun da zai zauna a Dungas ko Kwaya yana bukatar farantin hasken rana da batir nasa. Ta biyu ƙura da zafi ne, waɗanda ke rage kwanan faifai, kuma kowane faifai ranar mutuwarsa na zuwa ba sallama. Ta uku ita ce mafi girma: rumbu ɗaya ba ajiya ba ne. Ranar 16 ga Janairu 2015 aka ƙone cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Damagaram tare da ɗakin karatunta a lokacin zanga-zanga. A Janairu 2013 an ƙone ko an kwashe rubuce-rubuce kimanin 4,000 a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbuktu, yayin da fiye da 300,000 na gidajen malamai suka tsira saboda Abdel Kader Haïdara da abokan aikinsa sun fitar da su a ɓoye zuwa Bamako.

Saboda haka masu sana'ar suna bin ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa a shekarun 2000: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. A ƙasarmu ma'anarta mai sauƙi ce. Kwafi na rumbun ƙungiya, kwafi na faifan da ake cirewa a kulle a akwati, kwafi na uku a hannun ƙungiyar ƴan uwa a wani gari, a riƙa musanya faifai duk wata ko duk zangon karatu ta hannun amintaccen matafiyi. Magarya ta riƙe wa Dungas, Dungas ta riƙe wa Magarya. Wanda ke da hali ya sa gajimare ya zama kwafi na uku, babu laifi, muddin ba shi kaɗai ba ne. Wannan ita ce dabarar almajirin da ya kwafi littafin malaminsa ya tafi da shi garinsu.

Mabuɗi da amana

Na'ura ita ce ƙaramar matsala. Dattawa suna tuna rumbun tsimi na zamanin Nasara, wanda aka tilasta wa talakawa zuba hatsi a cikinsa musamman bayan yunwar 1931. Tanadi abu ne mai kyau, amma mutane sun ƙi shi saboda hatsin nasu ne, ikon buɗewa na wani. Rumbun hotuna zai gamu da irin wannan ƙiyayya idan ba a fayyace wa ke riƙe da mabuɗi ba.

Hoton iyali ba kamar hoton hawan salla ba ne. Akwai hoton matan gida da na yara da na mara lafiya da bai kamata idon kowa ya gani ba. Wajibi ne kowane mai ajiya ya sami ɗakinsa da kalmar sirrinsa, a raba abin da ya ajiye don kansa da abin da ya ba jama'a da yardarsa, kuma ya iya janye abinsa ranar da ya so. Ya kamata mata su sami mace mai kula da nasu sashe. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, wadda aka sabunta a 2022, an kuma kafa hukumar HAPDP domin sa ido a kai, kuma ƙungiyar da ta tara hotunan jama'a ta shiga ƙarƙashin wannan nauyi. Kada kuma sanin sirrin rumbu ya tsaya ga mutum ɗaya, domin malamin makaranta ana yi masa canjin wurin aiki, matashi yana tafiya ci-rani. A rubuta ƙa'idojin a takarda, a ba mutum biyu ko uku amana, a faɗi wanda zai gaji ajiyar mamaci.

Sannan sai suna. Hoton da ba a san wa ke ciki ba, bayan shekara talatin ya zama hoton wani mutum a wani wuri. Nan ne aikin malamai yake. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Babu darasin rubutu da ya fi a ba ɗalibi tsohon hoton gidansu ya je wurin kakarsa ya tambayo: su wane ne waɗannan, a ina ne, wace shekara ce, bikin me ake yi? Ya rubuto amsar da Hausa, a ɗauki hoton tsohon hoton da waya, a zuba su tare, a mayar wa kaka da abinta. Haka za a yi da kaset da takardun gafaka, idan masu su sun yarda.

Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna matakai huɗu. A zamanin gafaka ajiya tana hannunmu, kuma kwafi ne ya raya ta. A zamanin Nasara hoto ya tsira amma ya yi nisa. A zamanin mai hoto da kaset ya zauna a gida amma ya lalace don kwafi ɗaya ne. A zamanin salula ya yi yawa, yana ɓacewa da yawa, abin da ya rage kuma yana rumbun da ba mu da iko da dokarsa. Abin da ake nema yanzu shi ne a haɗa tsarin gidajen ajiya na Turai da dabarar kwafi ta malamanmu, a ƙasarmu, da mabuɗi a hannunmu.

Ba sai an jira babban shiri daga Yamai ko daga ƙetare ba. Ƙungiya guda a Magarya da kwaleji guda a Dungas suna iya farawa da faifai biyu da littafin rajista, tun kafin a sayi kwamfutar. A fara da abin da ya fi kusa da ɓacewa: hotunan da ke ƙasan akwatin tsofaffi, da kaset ɗin da ya rage, da muryar dattawan da za su iya faɗin sunayen waɗanda ke ciki. Masu iya magana sun ce ajiya maganin wata rana. Allah ya sa idan jikokinmu suka tashi neman fuskokin kakanninsu da siffar garuruwansu, su same su a gida.